Sarkin Ruwan Kinkinau

Daga Unguwar Mu'azu har Tudun Wada, in aka ce a fito da wanda ya fi kowa nutsar da jiragen ruwan yaƙi, ba na jin akwai mai ja da ni. Ƙorafin mahassada ɗaya ne: wai yawancin jiragen da na nutsar nawa ne, ragowar kuma na 'yan ɓangarenmu. Ban musa ba. Abin da nake cewa kawai, a riƙa duba tarihi kafin a yi wa mutum dariya, ni kuwa tarihi shi ne abincina, shi nake koyarwa a sakandare tun gashina yana baƙi.

A ƙarshen Maris na 2020 gwamnatin jihar Kaduna ta kulle kowa a gida saboda korona, kullen kuwa ya rutsa da ɗan ƙanwata a wurina. Uwarsa ce ta turo shi in riƙa yi masa bita, don yana shirin jarrabawar shiga makarantar soja ta NDA, kuma ya rantse shi sojan ruwa zai zama. Ya zo da jaka ɗaya, rabinta littattafai, rabinta laftof. Littattafan dai har aka buɗe gari a watan Yuni ba su san an zo Kaduna da su ba.

Wani dare na leƙa ɗakin baƙi da niyyar yi masa faɗa, sai na tarar da teku shimfiɗe a kan teburina, ga wani siririn jirgi mai bututun hayaƙi huɗu yana keta ruwa. Kafin in tuna abin da ya kawo ni, bakina ya riga ni.

"Kai, wannan ai Clemson ne, na Amurka."

Yaron ya waiwayo da mamaki. "Kawu, ka san shi?"

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san babu tarkon da ya fi wannan tambaya kama malami. Na jawo kujera.

Sunan gem ɗin World of Warships, kamfanin Wargaming ya fito da shi a 2015. Mutum 12 a wannan ɓangare, 12 a wancan, kowa na zaune a ƙasarsa da jirginsa a gabansa, a ba ku minti 20 ku gama da juna. Jiragen ba na ƙarya ba ne, da yawansu an ƙera su an kuma yi yaƙi da su, kuma sabon shiga da tsofaffin yake farawa, na zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yaron ya iya tuƙa su amma bai san asalinsu ba. Ni na san asalinsu. A lokacin na ɗauka ni ke da babban rabo.

Na warware masa zance tun daga 1866, lokacin da wani injiniya ɗan Ingila, Robert Whitehead, ya ƙera tofido a garin Fiume. Bam ne mai farfela, matsattsiyar iska ke tura shi, ya yi iyo a ƙarƙashin ruwa ya je ya huda jirgi a cikinsa, inda sulke bai kai ba. Nan take ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suka gano cewa ɗan kwale-kwale mai inji, in ya ɗauki wannan abu, zai iya kifar da ƙaton jirgin da aka yi shekaru ana zuba masa dukiya. Ingila ce ta fi kowa manyan jirage, saboda haka ita ta fi kowa rasa barci. A 1893 kamfanin Yarrow ya ƙera mata Havock, tsawonsa bai wuce mita 56 ba, yana gudun kusan kilomita 50 a awa, aikinsa ya farauci waɗancan kwale-kwalen. Shi ne kakan jiragen da ake kira distiroya. Ba a jima ba mafaraucin ya ƙwace sana'ar abin farautarsa, shi ma ya koma kai wa manya hari da tofido.

Gudun nan ba a banza aka same shi ba. An rage komai. Kaurin ƙarfen jikin na farko-farkon bai fi milimita 3 da ɗoriya ba, cikinsu duk tukwanen tururi ne da kwal, ma'aikata su kwana a jiƙe su tashi a jiƙe, har rundunar Ingila tana biyansu wani ɗan alawus na shan wahala. A Satumbar 1901 wani mai suna Cobra ya karye gida biyu a Tekun Arewa ba tare da kowa ya harbe shi ba, igiyar ruwa kawai, mutum 67 suka tafi. Na ce wa yaron, in yana son ya gane matsayin distiroya a cikin runduna, ya tsaya bakin baifas ya dubi ɗan acaba a tsakanin tankokin mai: ya fi kowa sauri, ya fi kowa rashin kunya, in kuma aka yi karo ba a tambayar wa ya ji jiki.

Ya saurare ni tsaf, da ladabinsa. Da na numfasa sai ya turo min laftof ɗin. "To Kawu, bismilla."

Madannan tuƙi huɗu ne kacal. W gaba, S baya, A hagu, D dama. Abin da babu littafin da ya gaya min shi ne jirgin ruwa ba shi da birki, kuma in ka juya shi sai ya gama shawara da kansa kafin ya amsa. Na danna W har ƙarshe, don na san Clemson yana kai kilomita 65 a awa kuma ina so in ga ko gaskiya ne. Gaskiya ne.

"Kawu, tsibiri."

"Na gani."

"Kawu, tsibirin fa."

"Kai ka karanta teku ko ni?"

Ƙum! Hancin jirgi ya hau dutse, farfela na ta juyawa a banza, abokan gaba kuwa suka samu abin da ba ya motsi, har masu koyon harbi suka gwada hannunsu a kaina. Yaron ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

Na ce masa ya ɗago, dariya aikin wanda bai yi karatu ba ce. Ranar 8 ga Satumba 1923, distiroya 14, dukkansu irin wannan Clemson ɗin, sun taso daga San Francisco za su San Diego cikin dare da hazo, suna gudun kilomita 37 a awa, kowanne na bin fitilar na gabansa. Tashar rediyo da ke gaɓa ta gaya wa jirgin gaba, Delphy, inda yake, masu lissafin hanya suka ce tashar ce ta yi kuskure, su lissafinsu daidai ne. Suka karya kwana kafin lokaci, suka hau duwatsun Honda Point a Kalifoniya. Bakwai suka tarwatse ɗaya bayan ɗaya, mutum 23 suka rasu. Shugaban ayarin, Kyaftin Edward Watson, ƙwararre ne da ya yi shekaru a teku. Na ce to shi bakwai ya zubar a dare ɗaya, ni ɗaya tak. Yaron ya ce, "Amma Kawu, su akwai hazo." Ban amsa ba, don ba kowace magana ce babba ke amsa wa yaro ba.

Uwargida ta fara lura da cewa ɗakin baƙi ya samu baƙo na biyu. Ta tsaya bakin ƙofa da tire a hannu. "Malam, da girmanka? Yaro aka kawo ka gyara, shi ya gyara ka?" Na fahimtar da ita cewa wannan ba wasa ba ne, bincike ne. Tun 1887 manyan hafsoshin ruwan Amurka ke jera 'yan jirage a kan teburi a kwalejinsu ta Newport suna gwada dabarun yaƙi, kuma Fred Jane, mutumin da kundinsa na jiragen yaƙin duniya ya shahara, shi ma ya fitar da nasa wasan a 1898. Ta ce, "Su ma da kuɗin cefane suke sayen data?" Ta ajiye tire ta fita.

Daga hawa tsibiri na ci gaba zuwa harba tofido. A nan ne ilimin ya fi daɗi a baki. Tofido ba ya sauri, saboda haka ba inda jirgi yake ake nufa ba, inda zai kasance ake nufa, kuma gem ɗin ma yana zana maka wani farin layi ya nuna maka wurin. Matsalar Clemson, ana hango shi tun kafin tofidonsa ya isa ga mutum, dole sai ka laɓe bayan tsibiri ko ka saki labulen hayaƙi ka ɓuya a ciki har abokin gaba ya matso. Wannan yana buƙatar haƙuri da saurin yatsa a lokaci guda. Ni ina da su duka, sai dai ba sa zuwa tare. In na harba, tofidona su wuce ta gaban jirgi ko ta bayansa, su tafi can su ƙare da kansu. Hujjata a nan ma tana da ƙarfi. Daren 8 ga Fabrairu 1904, distiroya goma na Japan suka faɗa wa rundunar Rasha a Port Arthur. Jiragen Rasha a tsaye suke cik, an ɗaure su, ba su san an fara yaƙi ba. An harba tofido 16, uku suka samu. Tun a hanya ma biyu daga cikin maharan suka yi karo da juna. Kuma wannan ana koyar da shi a matsayin nasara.

Ranar da tofidona ya fara samun jirgi, na miƙe tsaye na yi kabbara. Wani kuruza ne, jirgin da ya fi distiroya girma, ya dare biyu, wuta ta tashi, abin gwanin kyau. Sai na ga yaron ya dafe kai da hannu biyu.

"Kawu, kore ne."

"Me ne ne kore?"

"Alamar da ke kansa. Ja ne abokan gaba. Kore namu ne."

A wancan lokacin, duk wanda ya cuci ɗan ɓangarensu sai a mayar da sunansa ruwan hoda, kowa ya gani a jerin sunaye tun kafin a fara faɗa, kuma ba ya gogewa sai mutum ya yi wasanni da yawa bai taɓa kowa ba. Mai kuruzan, wani mutumin Folan, ya cika gefen allo da rubutu. Na sa yaron ya fassara da waya. Ya karanta layin farko ya ce shi ba zai iya faɗa ba, akwai sunan kakarsa a ciki. Baiwar Allah da har ta koma ga Mahaliccinta ba ta san akwai wata ƙasa wai ita Folan ba.

Da ma mutumin ya tsaya, da na ba shi labarin Dogger Bank. A Oktoban 1904 Rasha ta tura rundunarta ta tekun Baltik ta je ta yaƙi Japan, tafiyar fiye da kilomita 30,000, ta zagaye Afirka. Sun sha kwal a Dakar da Gabon, wato sun ratsa ruwan yammacin Afirka fiye da shekara ɗaya da rabi bayan sojojin Lugga sun ci Kano da Sakkwato. Amma tun ba su bar Turai ba tsoron tofido ya riga ya cinye su. Daren 21 ga wata suka hango fitilu a Tekun Arewa, suka ce ga Japanawa nan, suka buɗe wuta. Masunta ne 'yan garin Hull na Ingila suna kamun kifinsu. Suka nutsar da jirgin masunta ɗaya, suka kashe mutum biyu nan take, suka kuma juya suka harbi nasu kuruzan Aurora, har limamin kiristan da ke cikinsa ya mutu daga raunin. Saura ƙiris Ingila ta shiga yaƙin, sai da Rasha ta biya diyyar fam 66,000. Shugaban rundunar, Adimiral Rozhestvensky, a ƙarshe a cikin wani ɗan distiroya Japanawa suka kama shi da rauni a ka, washegarin yaƙin Tsushima a Mayun 1905. Waɗannan mutane da tabarau da albashi suka kasa bambance masunci da maƙiyi. Ni kore da ja ne kawai suka rikice min, kuma gilashina na ɗaya ɗakin.

Abin da ya fi ɓata wa yaron rai, sunansa ne ya koma ruwan hoda, don da akawun ɗinsa nake bugawa. Washegari ya buɗe min nawa, ya ce in zaɓi suna. Na ce ya rubuta Sarkin Ruwan Kinkinau. Ya dube ni, ya rubuta.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na koma cewa laifin ƙasa ne. Mu mutanen tudu ne, ruwan da muka sani kogin Kaduna ne, shi ma daga kan gada. Yaron ya ce Murtala Nyako ɗan Mayo-Belwa ne, kuma ya shugabanci rundunar sojin ruwan Nijeriya a 1990. Ya ce a Kachia, nan jiharmu, sojin ruwa ke da makarantar koyon makamai. Ko bayan ya koma gida bai bar ni ba: a Janairun 2021, da aka naɗa Awwal Zubairu Gambo, Bakano, a kan wannan kujera, sai da ya bugo waya. "Kawu, ka ji labari? Shi ma ɗan tudu ne."

Azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, masallatai a rufe, dare ya yi tsawo. Mutanen kirki suka raya shi da abin da ya kamata. Ni ma na raya wani sashe, sauran na ba teku. A wani dare cikin goman ƙarshe, gab da sahur, babu wuta, ɗan janaretona na ta kuka a bayan ɗaki. Yaron ya gaji ya je zaure ya kwanta. Na rufe ƙofa da taga saboda sauro, na kunna maganin sauro mai hayaƙi har biyu, na toshe kunnuwana da hedifon. Aka jefa mu a taswirar Tsibiran Solomon. Ina zagayo wani dutse sai ga ƙaton jirgin Jamus a gabana, na karanta sunan da ke kansa: Nassau.

Jikina ya ɗau rawa. Nassau fa! A daren yaƙin Jutland, 31 ga Mayu 1916, wani distiroya na Ingila mai suna Spitfire, wanda bai kai tan dubu ba, ya yi gaba da gaba da wannan jirgi mai nauyin kusan tan dubu ashirin. Sun matsu har manyan igwogin Nassau suka kasa sunkuyowa su same shi, ƙarfin iskar harbin ne kawai ya share masa ɗakin tuƙi. Suka gogi juna, Spitfire ya rarrafa ya koma gida da wani ɓallin ƙarfen Nassau mai tsawon mita 6 a kansa. Shekara da shekaru ina ba ɗalibai wannan labari suna hamma. Yau ga ni ga Nassau. Na danna W.

Mai Nassau ɗin, ko wane ne shi, bai karanta tarihi ba, saboda haka bai san ya kamata igwoginsa su kasa samuna ba. Harbin farko ya kashe min inji. Na biyu ya cinna wuta gaba da baya. Akwai madannin kashe gobara, R, yaron ya nuna min ya fi a ƙirga. Na danna na kusa da shi, jirgi ya fara aman hayaƙi. Wanda ya toshe kunne bai san ƙarfin muryarsa ba.

"An harbe ni! Wayyo, an harbe ni! Wuta ta kama inji! Yaro, kana ina? Zo ka cece ni!"

Uwargida na kicin. Ta ji wuta, ta ji inji, ta san akwai janareto da galan ɗin fetur a bayan wannan ɗaki. Abin da ke kusa da hannunta bokitin da ta jiƙa geron kunu ne. Ta banko ƙofa, hayaƙin maganin sauro ya tare ta, ta hango mijinta a tsakiyarsa yana ihu da wani jan haske a fuskarsa. Ban ga laifinta ba, kuma zan faɗa a ko'ina: a duk gidan nan ita kaɗai ce ta taɓa saita abu ta same shi a harbin farko.

A Kaduna ta shekarun nan, kalmar harbi cikin dare ba abin wasa ba ce. Kafin in share geron da ke idona, usur ya ɗauka daga bakin layi zuwa ƙarshensa. 'Yan sintiri suka shigo da tocila da gora, maƙwabta da ke shirin sahur suka fito wasu da adda wasu da taɓarya, wani ma da cokalinsa a hannu. Tun da aka hana taro unguwarmu ba ta ga taro irin wannan ba. Aka buɗa wa Alhaji, dattijon layinmu, hanya. Ya haska ni daga hula har silifa: jallabiya a jiƙe, hedifon a wuya, gero a gemu.

"Malam, ina jinin?"

"Babu jini, Alhaji."

"To a ina aka harbe ka?"

Na duba ko'ina ban ga ƙaryar da za ta ɗauke ni ba. "A Tsibiran Solomon, Alhaji."

Tsakar gida ta yi tsit. Can wani ɗan sintiri ya gyara riƙon gorarsa ya ce, "Ta wajen Rigasa ne?"

Na ga dama ta samu in wayar da kan jama'a. Na fara bayanin cewa irin wannan ta taɓa faruwa, domin a daren Dogger Bank ma wani jirgin gyare-gyare na Rasha mai suna Kamchatka ne ya fara aika saƙo cewa an kewaye shi ta ko'ina, alhali babu kowa, shi ya tayar wa runduna duka da hankali. Ban kai ga sunan adimiral ɗin ba Alhaji ya kashe tocilarsa.

"Malam, goman ƙarshe ce fa."

Ya juya, jama'a suka bi shi. Wannan gajeriyar magana ta fi duk rubutun mutumin Folan shiga jiki.

Laftof ɗin bai sake numfashi ba sai bayan an buɗe gari. Mai gyara ya kwance shi a gabana, ya ɗauko ɗan hantsaki yana zaro gero ɗaya-ɗaya daga ƙarƙashin madannai yana tarawa a murfin kwalba. Ƙarƙashin W ya fi ko'ina cika, wasu har sun fara tsiro. Ya ce shi a aikinsa ya ga shayi, ya ga lemo, ya ga fitsarin jariri, amma bai taɓa ganin wanda ya yi shuka a kwamfuta ba. Kuɗin da ya caje ni, na shaddar da na yi niyyar ɗinkawa da babbar salla ne, da tsohuwar rigata na je idi. Ƙanwata kuwa da labari ya kai mata, cewa ta yi, "Yaya, ni bita na ce ka yi masa." Na ce ai ya koyi tarihi mai yawa. Ta ce ya gaya mata, babu ko ɗaya da ke fitowa a jarrabawa.

Sarautar dai ta zauna. Mai shayi in ya hango ni sai ya ɗaga ludayi ya ce, "Sarkin Ruwa, an tashi lafiya? Ya mutanen Solomon?" Yaran layi in an yi ruwan sama kwata ta cika, har gida suke zuwa su sanar da ni wai teku ta kawo. Na sayi tsohon laftof nawa na kaina, da sharaɗin uwargida cewa ƙofa a buɗe, kunne ɗaya a waje.

A 2021 masu gem ɗin suka sauya doka, yanzu tofidonka ba ya yi wa ɗan ɓangarenku komai. Ban ce saboda ni aka yi ba, amma ban ji an ambaci sunan wani ba. Saboda haka, mai karatu, in Allah ya haɗa mu ɓangare ɗaya ka ga sunana a jeri, kwantar da hankalinka, ba zan iya nutsar da kai ba ko na so. Sai dai in ka hango jirgi mai bututu huɗu ya nufo ka a guje, ka ba shi hanya tun da wuri, don har yanzu ba a sa masa birki ba.